Mai Walda da Mangwaron Fili

Shagon Mai Walda yana fuskantar filin ƙwallon unguwa, babu abin da ya raba su sai kwata da 'yar hanyar da babura suke bi. Shekara talatin da biyu ya yi a wannan shago yana haɗa ƙofofi da tagogi da gadaje, har tartsatsi ya ɗiɗɗiga masa tabo a hannu biyu, idonsa na dama kuma ya soma ganin hazo. Bai taɓa zama ɗan wasan kirki ba. Shi da kansa yakan ce Allah ya ba shi ƙafafu ne don ya tsaya a kansu kawai. Amma shi ya haɗa turakun ragar filin da bututun ƙarfe, shi yake shafa musu farin fenti duk shekara, kuma idan la'asar ta yi sanyi yakan kashe inji, ya cire baƙin tabarau, ya rataya usur a wuya, ya tsallaka kwata ya zama alƙalin wasa. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya taɓa tunanin sauke shi.

Filin yana da aibi guda wanda kowane baƙo yake fara gani ya yi dariya. Wani tsohon mangwaro ne tsaye a cikinsa, ba a gefe ba, a ɓangaren hagu idan an nufi ragar gabas, kamar taku ashirin daga mai tsaron gida. Sai mutum biyu sun haɗa hannu za su rungume gindinsa, kuma yana da reshe guda da ya miƙo tsakiyar fili daidai kan dogon mutum. 'Yan wasa suna kiransa ɗan baya na biyar, wanda ba ya gajiya, ba ya neman canji, ba a kuma ba shi jan kati.

A shekarun farko mangwaron nan ya haddasa faɗa ba kaɗan ba, domin ƙwallo takan buge shi ta dawo ƙafar wanda bai neme ta ba, ya zura ta a raga, a kaure da musu har magariba. Mai Walda ne ya kashe wannan rigima da doka guda: duk wanda ƙwallonsa ta taɓa mangwaro, gindi ne ko reshe ko ganye, ya rasa ta, an ba abokan hamayya. Bai kafa dokar don ya koyar da kowa komai ba, ya kafa ta ne don kunnensa ya huta. Sai dai abin da ya biyo baya ya fi ƙarfin niyyarsa. Duk yaron da ya taso da ƙwallo ta hagu, yana son ci, dole ya koyi yadda zai sa ta ta bi ƙarƙashin reshe, ta kewaye gindi, sa'an nan ta lanƙwaso ta koma raga. Da bayan ƙafa ake yin wannan, ba da cikinta ba, kuma a cikin yara ɗari da wuya a sami biyar da suka iya.

A cikin biyar ɗin nan babu kamar Bahago, ɗan yayar Mai Walda, siririn yaro mai ƙafar hagu kamar an ƙera ta daban. Kawunsa bai taɓa sassauta masa ba. Idan ƙwallon wani ta shafi ganye yakan yi kamar idonsa mai hazo ne ke kallo, amma ta Bahago ko inuwar reshe ta bi sai an ji usur.

Bahago yana shekara goma sha tara aka kira shi tawagar ƙasa. Wasansa na biyu da wata babbar ƙasa aka yi shi, irin waɗanda ake zuwa gabansu ana addu'ar kada cin ya yi yawa. Da rana tsaka aka buga, kuma gidan kallon ƙwallo na unguwa ya cika har masu leƙe ta taga sun hau kafaɗar juna. Saura minti biyu a tashi, babu wanda ya ci, sai ƙwallo ta iso wa Bahago a hagu. Wani ƙaton ɗan baya ya tsaya a gabansa ya buɗe hannuwa da ƙafafu, taku ashirin daga raga. Mai Walda, wanda yake zaune a benci na gaba, ya miƙe tsaye tun yaron bai ɗaga ƙafa ba, ya ce, "Wannan ai mangwaro ne." Ƙwallo ta tashi kamar za ta fita waje can bayan turke na nesa, mai tsaron gida ma ya sauke hannu, sai ta lanƙwaso ta faɗa raga. An fasa benci biyu a ranar, kuma Mai Walda ne ya gyara su washegari yana waƙa.

Daga nan aka san bugun da sunan bugun mangwaro. Aka buga hoton Bahago a riguna, aka saka wa jarirai laƙabinsa, masu sharhi a rediyo suka yi ta maimaita labarin har waɗanda ba a haifa ba a lokacin suka iya ba da shi kamar sun gani. Shi kuwa mai cin ƙwallon bai daɗe a sama ba. Bayan shekara biyu yana wasa a ƙasar waje, wani ya shiga masa a gwiwa, aka yi aiki sau biyu bai yi ba, ya dawo gida yana ɗan ɗingishi, ya kama aikin koyar da motsa jiki a wata makaranta.

Da ƙwallon ta cika shekara goma, manyan unguwa suka kafa kwamiti don a girmama ta. Suka sami wani kamfani da ya yarda zai shimfiɗa ciyawar roba a filin, ya kewaye shi da waya, ya sa fitilu, a raɗa masa sunan Bahago. Aka kira taro ranar Asabar da hantsi a wani ajin makaranta, dattawa suka matse kansu a kujerun yara. Ciyaman na kwamiti, wani mai shagon magani mai son dogon jawabi, ya gabatar da Injiniyan kamfanin, Injiniya ya manna babban zanen sabon filin a allo. Mai Walda ya matso da kujerarsa, ya rufe idon dama da tafin hannu, ya duba zanen daga sama har ƙasa.

"Injiniya, ina mangwaro?"

"Baba, ai fili ne na zamani," in ji Injiniya yana murmushi. "Ba a saka itace a cikin fili. Za mu sare shi, amma dubi nan, bakin ƙofa, za a kafa allon ƙarfe mai hotonsa da tarihin bugun. Kai ma za mu ba aikin."

"Wato ku kashe malamin, ni kuma in haɗa allon kabarinsa."

Aka yi dariya, ban da Ciyaman. "Malam Mai Walda," ya ce, "mu nan ci gaba muke magana. Duk duniya babu inda ake ƙwallo da bishiya a tsakar fili."

"Shi ya sa duk duniya ba wanda ya ci irin waccan ƙwallo sai ɗan nan wurin, ranka ya daɗe. Kun taru ku girmama ƙwallo, kun fara da tumɓuke abin da ya haife ta. Yaran da za su taso a kan wannan tabarmar taku, wa zai tare musu hanya har su koyi lanƙwasa? Za su riƙa bugawa ɗoɗar kamar kowa, a ci su kamar kowa."

Ya waiwaya yana neman Bahago, yana da tabbacin cewa nan ne zancen zai ƙare. Bahago ya miƙe a hankali, ya dafa tebur saboda gwiwarsa.

"Kawu, ka yi mini haƙuri, ni na ce a sare shi."



"Dubi girata," ya ci gaba, yana nuna wani tsohon tabo. "Ina shekara goma sha ɗaya na yi karo da shi, kai ka ɗauke ni zuwa asibiti, jini har cikin aljihunka. Yara nawa suka gurɗe a kan saiwarsa? Ana ƙirga ni ɗaya da na fita, ba a ƙirga waɗanda suka bar ƙwallo saboda shi. Likitan da ya buɗe gwiwata ya ce ta girme ni da shekara ashirin, ya tambaye ni a kan dutse na koyi wasa? Ina son yaran nan su faɗi su tashi ba tare da an kai su ɗinki ba."

"Gwiwarka ƙato ne ya karya ta, a kan ciyawa mai laushi kamar katifa," in ji Mai Walda. "Kada ka ɗora wa mangwaro laifin da bai yi ba, ba shi da bakin da zai kare kansa."

"Ai ga shi ya sami lauya," wani ya faɗa daga baya.

Aka ɗaga hannu. Mutum arba'in da wani abu suka goyi bayan zanen, hannu ɗaya tak ya ƙi, mai tabon tartsatsi. Mai Walda ya ɗauki hularsa ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Ranar Litinin da safe masu wucewa suka ga an ja doguwar waya daga shago an tsallaka kwata da ita. Mai Walda ya kwaso duk rodin da yake da shi, har wanda ya saya don tagogin wani bene, ya shiga kewaye gindin mangwaro da shi, sanda kusa da sanda, tsakaninsu ko yatsa biyu ba za su shiga ba. Ya haƙa rami ya binne ƙafafun cikin siminti, ya ɗaure su da zobe biyar daga ƙasa zuwa reshe. Kwana uku ya yi yana wannan aiki a gaban kowa, bai ɓoye ba, bai kuma amsa wa mai tambaya ba. Da ya gama, babu inda haƙorin zarto zai taɓa itace.

Unguwa ta juya masa baya. Wanda ya ba shi aikin ƙofa ya aiko aka ɗauke ƙarfensa, masu shayi suka riƙa sauya zance idan ya doso, 'yan wasan da ya yi wa alƙalanci tun ba su iya ɗaure wando ba suka daina gaishe shi, domin an ce kamfani zai kai aikin wata unguwa. A rana ta biyar yayarsa, mahaifiyar Bahago, ta zo shagon da kanta, ta tsaya bakin ƙofa ta ƙi zama.

"Auta, kashe wannan abin in yi magana."

Ya kashe. Furfura ta cika masa kai, amma har yau idan ta ce Auta sai ya ji kamar an kama shi da hannu a tukunya.

"Sannu da zuwa, Yaya."

"Riƙe sannunka. Yaron nan ƙafarsa ta tafi, ƙwallo ta tafi, abin da ya rage masa a duniya shi ne a rubuta sunansa a bakin ƙofar nan ya riƙa wucewa yana gani. Shi ne kai, kawunsa, ka je ka saka wa bishiya sulke? Mutane suna ce mini ƙanenki ya taɓu."

"Sunansa nake karewa, Yaya. Idan aka sare, nan da shekara goma bugun nan ya zama labari, ba mai iya yin sa."

"To ya zama labarin mana! Kai labari ne zai ci da kai? Tun kana ƙarami haka kake, in ka kafe sai an haɗa da bulala."

"Kuma ko da bulalar ba na sakewa, kin manta?"

Ta harare shi, dariya ta so kuɓuce mata, ta danne. "Allah ya shirye ka," ta ce, ta juya.

Injiniya ya nemi wanda zai yanke rodin. Masu walda huɗu ne a unguwar ban da shi, kuma dukansu a hannunsa suka koyi riƙe ƙarfe. Na farko ya ce injinsa ya lalace, na biyu ya ce ciwon baya ya tasar masa, sauran biyun suka ce a fili ba za su sa hannu a aikin maigidansu ba ko da za a ba su filin kyauta. Sai daga wani gari aka ɗauko mutum. Da ya zo ya zagaya kejin sau biyu, ya shafa wuraren haɗin, ya tambaya wane ne ya yi wannan. Aka nuna masa shago. Ya tsallaka ya gaishe da Mai Walda da hannu biyu, ya ce aiki ne ya kawo shi ba raini ba.

"Yi aikinka," in ji Mai Walda. "Amma ka sayi faifan yanka da yawa, ba na haɗin wasa."

Kwana biyu da rabi mutumin ya yi, ya cinye faifai goma sha ɗaya. A safiyar da masu zarto suka iso, Mai Walda ya fito da tef ɗin awo da fensir a kunne, ya ratsa taron da ya zo kallo. Ciyaman ya ɗauka faɗa ya zo yi, ya soma kiran mutane su riƙe shi. Bai kula kowa ba. Ya auna kaurin gindi a ƙasa da tsakiya, ya auna tsayin reshe daga ƙasa, da tsawonsa, da yadda ya karkata, ya auna nisan itacen daga turken raga na kusa da na nesa, ya rubuta duka a bayan kwalin sigari. Sa'an nan ya ce wa masu zarto, "Bismillah," ya koma shago ya juya wa fili baya. Ya ji faɗuwar a ƙafafunsa kafin ya ji ta a kunne, bai waiwaya ba.

Wata huɗu aka yi ana aikin fili. A cikin watannin nan ba a ga Mai Walda da usur ba, aka ce ya saduda. Amma maƙwabta suna jin guduma a bayan shago, suna ganin yana shigo da tsofaffin durom na mai da tayoyin ƙaramar mota. Ya tsaga durom huɗu ya haɗa su suka ba da kaurin da ke jikin kwalin sigari, ya ɗora wani a kai, ya fitar da reshe na bututu daidai tsayi daidai karkata, ya zuba yashi a ƙasa don kada iska ta kayar, ya ɗora duka a kan tayoyi huɗu. Daga ƙarshe ya sayi tsohuwar katifa ya yayyanka, ya naɗe gindin da reshen da soso, ya rufe da tamfol. Maganar Bahago a kan tabon gira ta shige shi, ko da yake bai taɓa gaya wa kowa ba.

Kwana uku bayan bikin buɗe fili, da la'asar, ya turo abin nan ya tsallaka da shi ta kan gadar kwata, tayoyi suna ƙara, jama'a suna biye suna dariya. Mai gadin sabuwar ƙofa ya tare shi, aka aika aka kira Ciyaman, ya iso yana haki, Bahago na biye da shi.

"Malam Mai Walda, wannan kuma mene ne?"

"Ɗan baya na biyar ne, ranka ya daɗe, ya dawo daga jinya."

"Ba zai shiga ba! Kamfani ya rubuta, babu ƙarfe a kan ciyawa."

"Taya ce za ta taɓa ciyawar, ba ƙarfe ba."

"Ko auduga ce, ba zai shiga ba."

Mai Walda ya dubi Bahago, wanda filin yake ɗauke da sunansa da manyan haruffa a saman ƙofa. Bahago ya matso ya danna soson da yatsa, ya ɗaga kai ya dubi reshen, ya daɗe yana dubansa.

"Kawu, awon bai kuskure ba ko da ɗan yatsa," ya ce a hankali. "Amma na sa hannu a takardar kamfanin nan. Ba zan iya cewa a buɗe ba."

"Ban roƙe ka ba."

A bayan wayar filin akwai wani fegi inda 'yan kwangila suka zubar da ragowar ƙasa da tsakuwa. Can Mai Walda ya juya akalar abinsa. Ya tsayar da shi, ya sa duwatsu a tayoyi, ya koma shago ya ɗauko shebur da manjagara, ya shiga share wurin shi kaɗai. Da ya sami sarari ya auna taku ashirin, ya kafa bututu biyu a matsayin turakun raga. Sa'an nan ya ciro usur ya busa da dukan ƙarfinsa, har wasan da ake yi a kan ciyawar roba ya tsaya cak, yara sama da hamsin suka juyo suna kallonsa ta cikin waya.

"Mai son gudu a kan laushi ya zauna inda yake," ya ɗaga murya. "Mai son ya iya abin da aka rubuta a allon can, ga wuri."

Yawancinsu suka yi dariya suka koma wasansu, kuma ba a ga laifinsu ba, ciyawar tana da daɗin taka. Bakwai ne suka fito ta ƙofa suka zagayo, biyu daga cikinsu 'yan mata. Mai Walda ya ƙirga su, ya ce sun ma yi yawa.

Bahago ya zagayo shi ma, yana jan ƙafa a kan tsakuwa, ya tsaya kusa da kawunsa.

"Kawu, shekararka sittin da uku. Kullum za ka riƙa turo wannan ƙato kana mayarwa?"

"Kullum. In na mutu ku sayar da shi a kilo."

"Tsakuwar nan za ta yayyanka su."

"To ga manjagara can, ba ta da mai riƙo. In kuwa kallo ka zo yi, matsa gefe, ka tsaya mini a kan layi."

Bahago ya dubi ƙofar da ke ɗauke da sunansa, inda Ciyaman yake tsaye yana jiransa, ya dubi manjagara. Ya naɗe hannun riga, ya sunkuya ya ɗauka, ya fara ja daga bakin raga. Mai Walda bai ce masa sannu ba. Ya ajiye ƙwallo a gaban yarinyar da ta fi kowa ƙanƙanta, ya nuna mata gefen takalminta na waje, ya ce, "Da nan za ki buga, kuma yau ba za ki iya ba. Buga."